Dillalin da bai ga kaya ba

Kowace shekara, da zarar Satumba ta raba tsakiya anka fara maganar komawa makaranta, sai wayoyinmu su cika da hotunan kwamfuta. Ka buɗe WhatsApp, wane ya saka HP tana sheƙi kamar yanzu anka kwance ta daga kwali. Wance ta saka Dell, a ƙasa an rubuta "Core i7, tsaf take, sai mai rabo". Ka leƙa Facebook, nan ma haka. Masu sakawar kuwa mu ne. Ƴan ajinmu ne da munka yi lise tare a Ƙonni, da yayyenmu da ke jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, da ƙannenmu na Malbaza da Illela da ko bak ba su kai ga yi ba. In kuma za a faɗi gaskiya, da yawa cikinsu ba su taɓa ɗora hannu bisa na'urar da suke talla ba. Hoton ya zo musu daga wani a Sakkwato, shi ma wani ya turo mishi daga Kano ko Legas, kowa na ɗora ɗan abin da zai ci ya miƙa gaba.

Abin ya ƙara yawa tun lokutan da anka rufe iyaka, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan daga 2023 zuwa Maris na 2024. Tsakanin Ƙonni da Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. Da can mutum kan yi sammako ya tafi ya duba kaya da idonshi ya dawo kafin magariba. Da hanya ta yi wuya sai hoto ya maye gurbin tafiya, kuma ko da anka buɗe, sabon bai bar mu ba.

Ba neman na kai nake zargi ba. Wanda ya san kuɗin haya da na fotokopi, ya san kuma yadda wata ke tsawo ga mai jiran burs, ba zai ga laifin ɗalibi don ya nemi jikka biyar ta halak ba. Tambayata daban take, kuma ta daɗe tana cina. In hoton da ka saka gyararre ne, an share tsagar da ke jikin gilashi, ko an liƙa mishi tambarin da ba nashi ba, kai kuma ba ka ce uffan ba, hasali ma ba kai ka yi gyaran ba, shin ka yi ƙarya?

Bari mu fara duba yadda ake yin abin, don ba a yanke hukunci bisa abin da ba a sani ba.

Mafi sauƙi shi ne hoton aro. Mai kaya na da tsohuwar na'ura da ta sha duniya, sai ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ko na wani ɗan kasuwa a Turai, ya kwafo hoton ƴar uwarta sabuwa. Wanga shi ya fi saurin kamuwa in mutum ya natsu. Ka ɗauki hoton ka saka a Google Lens ko TinEye, za su nuna maka sauran wuraren da ya taɓa fitowa, wani lokaci ka iske shekararshi biyar yana yawo a intanet. Mu ƴan bakin iyaka ma muna da wata sa'a ta daban, don idonmu ya saba da ƙasa biyu. Mun san kwamfutar da ta fito Faransa harufanta na farko A Z E R T Y ne, wadda ta biyo ta Najeriya daga Ingila ko Amurka kuwa Q W E R T Y. To in an ce maka "kai tsaye daga Faransa", ga kuma Q zaune a kusurwa, sai ka sake tambaya. Haka priz ɗin bango da kan faɗo cikin hoto ba da niyya ba. Namu mai rami biyu ne zagayayyu, na Najeriya mai uku ne masu kusurwa irin na Ingila. Ko da yake a Ƙonni kanta, inda kayan wuta da yawa daga Illela ta Najeriya suke ƙetarowa, kowane iri za ka iske a ɗaki guda, saboda haka wannan alama ce kawai, ba ta kai hujja ba.

Sai gyararren hoto. Photoshop tun 1990 yake, amma da sai wanda ya koya ke iya taɓa shi. Yau ko yaro da wayar jikka talatin zai goge ƙarce da ɗan yatsa guda. Sai dai gyara kan bar sawu. Ka buɗe hoton ka matso da shi sosai. Inda anka goge yakan yi sumul fiye da kewayenshi, kamar an shafa mai. Layin da ya kamata ya miƙe, bakin tebur ko gefen murfi, sai ka ga ya ɗan karkace kusa da wurin. Inuwar na'ura ta yi gabas, ta sharja ta yi yamma. Tambarin Intel ya fito rangaɗau alhali sauran hoton dishi-dishi yake. Harufan da hannu ya fi taɓawa sun yi santsi don tsufa, amma madafar hannu sabuwa fil. Ni abin da nake fara nema ƙura ce. Wace na'ura ce za ta kwana biyu a ƙasarmu cikin hunturu, a ce ko ƙwayar ƙura babu tsakanin harufanta? Hotunan da na'ura ke ƙirƙira da kanta, waɗanda sunka yi yawa a ƴan shekarun nan, su ma ta wajen rubutu suke yawan tona kansu: ka duba harufan, sai ka ga wasu ba boko ba ne ba ajami ba.

Tambarin nan ma ya cancanci a tsaya kanshi, don shi ke cin kuɗinmu fiye da komi. An koya mana cewa i7 ta fi i5, i5 ta fi i3, shi ke nan. Alhali sunan i7 tun 2008 yake, kuma kusan kowace shekara da sabon zubi. Lambar da ke biye da sunan ita ke faɗin gaskiya. i7-2620M zubi na biyu ne, na 2011, zuciyarta biyu. i5-8250U zubi na takwas ne, na 2017, zuciyarta huɗu, kuma ta fi waccan gudu nesa ba kusa ba. Mai talla zai ɗauko hoton tambarin "i7" ƙato, ya bar lambar a duhu. Ga shi kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida sai zubi na takwas zuwa sama take karɓa, in ban da ƴan kaɗan. Ba sai an yi duba ba za a san inda tsofaffin na'urorin da ofisoshin Turai ke zubarwa za su nufa. Suna nan tafe, kowace da kyakkyawan hotonta.

Akwai kuma nau'in da ya fi ba ni tsoro, inda hoton gaskiya ne tsantsa, kayan ne anka koya wa ƙarya. Kile ɗin USB da kart memuwar suna da wata ƴar ƙwaƙwalwa da ke gaya wa kwamfuta girman cikinsu. Masu algus kan sake mata karatu, sai mai giga 8 ta riƙa cewa ita tera guda ce. Ka soka ta, kwamfuta ta nuna tera guda, mai kaya ya ɗauki hoton ya turo maka, ba Photoshop ko ɗis. Ka fara zuba takardu, na farko su shiga lafiya. Da ka wuce ainihin cikinta, sunayen takardun na nan a jere amma cikinsu wayam, ko sababbi su taka tsofaffi. Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai ake yi wa. A 2022 an yi ta tallar wani faifan ajiya a wani babban shagon intanet na Amurka, wai tera 30 a dala 39, da anka fasa irinshi sai ga ƴan ƙananan kart memuwar an liƙe da gam. Wajen 2018 kuma kasuwannin intanet sun cika da katin hoto na ƴan wasan kwamfuta mai suna GTX 1050 Ti, alhali tsohon GTS 450 ne na 2010 anka sake wa suna daga ciki. Masu lura sun riƙa gane shi ta shuɗin ramin VGA da ke jikinshi, wanda ainihin sabon ba ya zuwa da shi, har manhajar GPU-Z ta fara buga wa irinsu alamar jabu. Ko shafin nan na Windows da ke nuna sunan firosesa, wanda masu talla ke son turowa a matsayin shaida, ana iya sake rubutun da ke cikinshi a minti biyu.

Maganin waɗannan sananne ne, kuma kyauta. H2testw na cika kile har baki ya sake karantawa, ya faɗa maka ainihin girmanta. CPU-Z na tambayar firosesa kai tsaye. CrystalDiskInfo na nuna awa nawa faifai ya yi yana aiki, ko da yake shi ma ƙwararrun ɓarayi kan mayar da agogonshi baya. Kowace Dell na da lambar shaida mai harufa 7 a gindinta, in ka rubuta ta a shafin kamfanin zai gaya maka irin na'urar da abin da ta fito da shi daga masana'anta, HP da Lenovo ma suna da tasu. Wanda kuma ke nesa, ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a ƴar takarda ya ɗora bisa na'urar ya ɗauka, ko ya kira ka ta bidiyo ya kunna ta kana gani, ya zare sharja ka ga ko batir na riƙewa. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan. In ya ce rezo ba kyau yau, gobe ma ba kyau, ka samu amsarka.

To duk wannan na da amfani, shi ya sa na kawo shi. Amma akwai wani abu da ke biyo bayan irin wannan ilimi da ba na so, kuma na gan shi da idona.

Wata ƴar ajinmu, daga wani ƙauye kusa da Badagishiri, tana shekarar ƙarshe ta lisans. Ta ga kile mai tera guda a jikka huɗu, wani ɗan ajin ne ya saka. Ta saya. A cikinta ta tara duk muryoyin da ta naɗo daga bakin tsofaffin garinsu don rubutun memuwar, aikin hutu guda cur, ta goge su daga waya don wuri ya ƙare mata. Rabin muryoyin sun tafi, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin ya riga mu gidan gaskiya kafin ta koma. Da ta tunkari wanda ya sayar mata, cewa ya yi: "Wallahi ƴar uwa ni ma hoto na gani, mi kike so in yi?" Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya tsaya mini a rai dariyar da anka yi ce. "Tera guda a jikka huɗu? Kai, ita ma dai!" Wani ya ce araha ba ta ado, wani ya ce ai ba a cinikin biri a sama. Cikin yini guda laifi ya tashi daga kan wanda ya ƙera jabu da wanda ya yi tallarshi, ya sauka kan wadda ba ta san H2testw ba.

Ina ganin wannan dariyar ita ce ginshiƙin da kasuwar algus ke tsaye a kai. Muddin wanda anka cuta shi ke jin kunya, ba zai yi magana ba, na bayanshi kuma zai faɗa rami guda. Mun mai da wayo ma'aunin mutunci, har muna yi wa macuci kallon gwani. Alhali yarinyar nan mi ta yi? Ta yarda da ɗan ajinsu. In yarda da wanda kuke zama benci guda wauta ce, to sai mu sake tunanin irin zaman da muke yi. Kuma sanin farashin tera ba hankali ba ne, gata ne. Wanda ya tashi gidan da ke da kwamfuta ya san shi tun yana yaro, wanda ya fara taɓa ta a sibar yana ɗan shekara goma sha takwas bai sani ba. Shi wannan na biyun kuwa shi ne ubanshi ya sayar da raguna ko buhunan albasa kafin kuɗin su haɗu.

Mu dawo ga tambayar farko. Kakanninmu sun ce gani ya kori ji, don a zamaninsu baki ne ke ƙarya, ido shi ne alƙali. Ƙarfin hoto daga nan ya samo asali, yana shigo mana ta ƙofar da muka saba ba a tsare ta. In mutum ya ce maka "na'urar ba ta da ko ƙwarzane", kana jin maganar kana auna mai faɗinta. In ya nuna maka hoto, sai ka ji kamar kai ka gano da kanka. Saboda haka ni a wurina gyararren hoto ya fi ƙaryar baki muni, don ya ari idonka ya ba da shaidar zur a kanka, shi kuma mai shi ya tsaya gefe yana cewa bai ce komi ba.

Wannan wayon na "ban ce komi ba" tsoho ne, kuma malaman da munka gada sun daɗe da rufe ƙofarshi. Ba fatawa nake bayarwa ba, abin da ke cikin littattafan zaurukanmu nake tunatarwa. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, har da ƙunshin tufafi da ba a kwance ba, a dogara da takardar da ta lissafa abin da ke ciki. Ka ga kuwa cinikin intanet ke nan tun kafin a yi wutar lantarki. Amma ta gindaya cewa ba a sharɗanta biyan kuɗi tun kaya ba su iso ba, sai in wurin na kusa, ko abin irin wanda ba ya sakewa ne kamar gida ko gona. Ka gwada wannan da "turo ta Nita ko Amana tukuna, gobe in saka maka a mota". Muhtasar na Halilu, na ƙarni na 14, ya ƙara matsowa kusa da maganarmu. A wurinshi ruɗin da anka yi da aiki daidai yake da sharaɗin da anka furta da baki. Misalin da ya bayar na zamaninshi ne, zamanin da ake cinikin mutane, abin da ba mai kewarshi: a shafa wa tufafin bawa tawada don mai saye ya zaci ya iya rubutu. Ba wanda ya ce marubuci ne, tawada ce ta faɗa, kuma duk da haka mai saye na da ikon mayarwa. Haka hukuncin dabbar da anka ƙi tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika ranar kasuwa. To mene ne bambancin tawadar nan da tambarin i7 da anka liƙa?

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mini. Ai kowane mai kaya na yi wa kayanshi kwalliya. Mai rago kan wanke shi da omo kafin Layya, mai albasa a Galmi kan jera masu kyau a bakin buhu, mai shago kan goge gilashi. Shin in na goge kwamfuta na ɗauke ta a wuri mai haske na yi algus? A'a. Wanka na fito da ragon da ke nan. Ɗura mishi ruwa da gishiri don cikinshi ya kumbura kuwa na nuna ragon da babu shi. Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: za ka yarda mai saye ya tsaya a bayanka lokacin da kake shirya hoton? In yana kallo kana share ƙura da tsumma, ba komi. In kuwa sai ka juya mishi baya kafin ka goge tsaga da ɗan yatsa, ka san abin da kake yi. Wannan ma'aunin na kama har wanda bai taɓa hoton ba. Gilashi na da baƙin layi da ba ya fitowa sai an kunna, sai ya ɗauka a kashe. Maƙalar murfi ta karye ta hagu, sai ya ɗauka ta dama. Wani abokina ya dage cewa wannan ba laifi ba ne tunda hoton bai ƙara komi ba, mai saye ne bai tambaya ba. Na ce mishi zaɓen kusurwa ma magana ce. Har yau ba mu daidaita ba.

Saura kai da ni, masu turawa gaba, waɗanda ba su gyara ba, ba su zaɓi kusurwa ba, ba su ma san an yi ba. Nan ne nake ganin mun ɗauki suna mun bar nauyinshi. Muna kiran kanmu dillalai, muna cin la'ada. To ka tafi kara a Badagishiri ko a Ƙonni ka ga dillalin gaske. Ya san mai dabbar, sau da yawa a gidanshi ya sauka. Ya buɗe bakin dabbar ya ga haƙora, ya taɓa ta. In bayan kwana uku ta tabbata ta sata ce ko mai ciwo, ba a tafi daji neman mai ita ba, shi ake riƙewa, kuma ya san da haka tun kafin ya sa baki. La'adar da yake karɓa kuɗin fuskarshi ce da ya jinginar. Mai saye bai san baƙon ba, dillalin ya sani, sai ya ari yardar da ake yi mishi ya rufa wa cinikin.

Mu ma abin da muke sayarwa ke nan, ko mun sani ko ba mu sani ba. Yarinyar Badagishiri da a shafin wani baƙo ta ga kile ɗin nan da wataƙila ta yi shakka. Ta saya ne don sunan da ke saman hoton na ɗan ajinsu ne. Mai jabun da ke can nesa ba ya da hanyar isa gare ta sai ta fuskar wani da ta sani, kuma jikka gudar da ɗan ajin ya ci ita ce kuɗin hayar fuskar. Don haka "ni ma hoto na gani" ba ta wanke shi, ita ce ma laifin. Ya tsaya a matsayin wanda ya gani alhali bai gani ba. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinshi sai maratayinshi, ana faɗin haka kamar zomon ne bai yi adalci ba. Ni kam a wannan cinikin ina bayan zomo, don ba don maratayin ba da ba a kai shi kasuwa ba.

Ɓarnar kuma ba ta tsaya kan mutum guda. Wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya yi rubutu a 1970 kan kasuwar tsofaffin motoci, wanda yana cikin abin da ya sa anka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna mai sauƙi ne. In mai saye ba ya iya bambanta mai kyau da maras kyau, zai taya duka da farashin tsaka-tsaki don ya kare kanshi. Mai kaya mai kyau ya ga ba riba ya janye, sai kasuwa ta rage saura tarkace, farashi ya ƙara faɗuwa, wani mai gaskiyar ya sake fita. Ka tambayi masu gyaran kwamfuta na bakin hanyar Ƙonni, waɗanda ke sayen gwanjo su gyara da hannunsu su sayar. Shi zai ɗauki hoton na'urarshi da ƙarcenta da komi, ya sa jikka 120. Kusa da shi a waya ga wata tana walƙiya a jikka 90, wadda babu ita a duniya yadda anka nuna ta. Wa za a kira? In ya gaji, ko dai ya koyi goge ƙarce shi ma, ko ya koma sayar da fetur a kwalba. Kowane gyararren hoto da munka tura gaba muna ƙara tura shi wajen ɗaya daga cikin biyun.

Akwai doka, Nijar ta yi ta laifukan intanet tun 2019, amma wa zai kai ɗan ajinsu kwamisariya kan jikka huɗu, iyayensu na gaisawa a masallaci? Abin da doka ba ta kaiwa sai mu da kanmu. Abin da nake roƙo kuma bai da yawa. Ban ce a daina talla ba. Wanda zai iya, ya sa a kawo kayan hannunshi ya gwada kafin ya karɓi ko dala ta wani, in ta fito jabu ya mayar da kuɗi daga aljihunshi ya bi wanda ya turo mishi, kamar yadda dillalin kara ke yi. Wanda ba zai iya ba, ya rubuta a ƙarƙashin hoton: "Ban gan ta ba, hoton mai kaya ne, ka gwada kafin ka biya." Da wannan ya janye fuskarshi daga cinikin, mai saye ya san da baƙo yake hulɗa.

Kada in yaudare ku da cewa hakan ba ya da tsada. Ɗaya daga cikin ƴan ƙungiyarmu ta marubuta, ɗan Dogerawa, ya fara rubuta wannan layin bayan wata muhawara da munka yi. A sati ukun farko mutum biyu kaɗai sunka yi mishi magana. Na farko ya ce, "To in ba ka gan ta ba, kai mi ne naka ciki?" Na biyun ya nemi lambar mai kayan a Sakkwato, ya ba shi, sunka yi cinikinsu kai tsaye, la'ada ta wuce shi. Yanzu ya shirya da wani mai gyara a kusa da tasha, duk na'urar da ta iso sai an kunna ta an zare sharja an duba lambar gindi kafin ya ɗauki hoto da wayarshi, su raba abin da ya samu. Ribar ta ragu da rabi. Ya ce zai ga abin da Oktoba mai zuwa za ta yi.